Da Wane Littafi Mai Wa'azi da Hausa Zai Fara?

Da wuya a sami gari a Arewacin Nijeriya da ya tara makarantun tauhidi da shagunan littattafan Kirista kamar Jos da kewayenta. A Bukuru akwai makarantar tauhidi ta TCNN, ta tarayyar ikilisiyoyin TEKAN, wadda ta fara koyarwa a 1959. A Farin Gada akwai makarantar JETS ta ikilisiyar ECWA tun 1980. 'Yan Katolika suna horar da limamansu a babbar makarantar Saint Augustine. Ga kuma ta ikilisiyar COCIN a Gindiri. Mai kuɗi a aljihu zai iya shiga Challenge ko Albishir ko shagon ACTS ya fito da kaya niƙi-niƙi. Amma duk da wannan arziki, ranar da saurayi mai koyar da makarantar Lahadi, ko mai bishara da aka tura wani ƙauye a ƙasar Mangu ko Bokkos, ya tambayi na gaba da shi littafin da ya kamata ya fara da shi, amsar takan zama ɗaya cikin biyu: ko a jero masa manyan kundayen Turawan Amurka da Ingila, waɗanda ko ɗan ajin ƙarshe a makarantar tauhidi sai ya sha gumi kafin ya gama babi guda, ko kuwa a ce masa ya riƙe Littafi Mai Tsarki kawai, Ruhu zai koya masa sauran. A ganina duka amsoshin nan biyu yasar da mutumin suke yi, domin mun daɗe muna ba da shawarar karatu ba tare da mun tambayi kanmu wa zai karanta ba, da wane harshe zai hau bagade, kuma wace irin tambaya mutanensa za su kawo masa ƙofar gida ranar Litinin.

Gurbin da muka bari kuwa bai zauna fanko ba. Duk wanda ya bi ta kasuwar Taminus a Jos da rana zai ga masu shimfiɗa littattafai a kan leda a bakin titi, an danne su da duwatsu don kada iska ta kwashe. Ka duƙa ka duba abin da ke sama-sama: ƙananan littattafai masu bango mai ƙyalli, da hoton wani mai wa'azi cikin kwat yana nuna ka da yatsa, wannan a kan karya la'anar gado, wancan a kan sirrin buɗin arziki, na kusa da shi a kan addu'o'in tsakar dare da za su mayar wa maƙiyi kibiyarsa. Bugun sata ne akasarinsu, tawadar ta koɗe, wani shafin ma a karkace yake, amma suna da araha, Turancinsu mai sauƙi ne, kuma suna taɓa abin da yake hana mutum barci, wato tsoron maita, da rashin haihuwa, da talauci. Waɗanda ba su saya a titi ba suna samun irinsu a WhatsApp kyauta. Ba na zargin mai bisharar da ya ɗauki irin wannan ya gina wa'azinsa a kai, domin shi ne kaɗai ya zo masa da amsa, ko da gurguwa ce, a kan tambayar da wata uwa ta kawo masa game da ɗanta da aka ce an ba shi maita a abinci. Babban kundin da malaminsa ya yaba masa bai san da wannan tambaya ba sam.

Abin da nake so in kafa shi ne cewa karatun addini yana da tsari, kuma tsarin ya fi yawan littattafan muhimmanci. Maƙwabtanmu Musulmi sun riga mu gane wannan. Ɗalibin da ya zauna a zauren malami don karatun fiƙihu ya san zai fara da Ahalari, ya wuce Ishmawi, ya shiga Iziyya, sannan Risala, kuma ba malamin da zai miƙa masa babban littafi bai gama ƙarami ba. Mu kuwa sai ka tarar da yaro yana gardama a kan ƙaddara da zaɓe, yana kiran sunan malaman Turai Calvin da Arminius, alhali bai taɓa karanta Littafin Irmiya daga farko zuwa ƙarshe ba.

Saboda haka matakin farko shi ne Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa, daga Farawa zuwa Wahayin Yahaya, da harshen da mutum zai yi wa'azi da shi. Surori 1,189 ne cikin littattafai 66 (na 'yan Katolika littattafai 73 ne, surorinsu sun fi haka), kuma mai karanta sura uku zuwa huɗu a rana zai sauke cikin shekara. Na san za a ce wannan ai sananne ne, amma a tambayi dattawan kowace ikilisiya su faɗi gaskiya: yaushe rabon da a ji wa'azi daga Habakuk, ko Makoki, ko Mai Hadishi? Ayoyin da suke yawo a bagadenmu ba su da yawa, Malakai 3:10, ayar ba da zakka, tana kan gaba duk ranar da asusu ya yi ƙasa, ana tsinko su ɗaya-ɗaya ba a duba abin da ya gabace su ko abin da ya biyo baya. Mai karanta Hausa yana da wata gata da ba kowace al'umma ta samu da wuri ba. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya ba da shekaru masu yawa na rayuwarsa a kai tare da abokan aikinsa, kafin ya rasu a nan Bukuru a 1952. A 1979 aka sami sabuwar fassara wadda ita ce a hannun yawancinmu, sannan ga Sabon Rai Don Kowa da ake iya saukewa a waya ba ko kwabo. Shawarata ita ce mai wa'azi ya ajiye biyu daga cikinsu a gabansa duk lokacin shiri, domin inda suka bambanta, nan ne wurin da ya kamata ya dakata ya yi bincike kafin ya buɗe baki. Wanda kuma aka fassara Sabon Alkawari da harshen uwarsa, Berom ne ko Ngas ko Tarok ko Mwaghavul, kada ya bar shi a akwati. Ya zama na uku a kan tebur.

Bayan nassi sai sharhi, kuma a nan ba ni da wata tantama. Idan mutum littafi ɗaya tak zai iya saya bayan Littafi Mai Tsarki, to ya sayi Africa Bible Commentary, wanda ya fito a 2006 a ƙarƙashin jagorancin marigayi Tokunboh Adeyemo, malaman Afirka saba'in suka rubuta, kuma an fassara shi zuwa Hausa. Kundi ɗaya ne da ya bi kowane littafi sura-sura, sannan a tsakanin sharhin an saka gajerun maƙalu a kan maita, da gadon matar mamaci, da auren mace fiye da ɗaya, da al'adun jana'iza, da matsayin kakanni. Yana da rauninsa: hannu saba'in ba za su yi daidai ba, wani marubucin ya nitsa, wani kuwa ya bi ta sama ya wuce, kuma a wurare masu wuya wani lokaci sai ka ga an kauce wa gardamar da kake neman a warware maka. Amma ya san duniyar da mai wa'azinmu yake ciki, wannan kuwa ya rinjayi duk rauninsa. Mai iya Turanci ya haɗa da ɗan littafin Gordon Fee da Douglas Stuart na 1981, How to Read the Bible for All Its Worth, wanda aikinsa guda ne: ya koya maka cewa ba a karanta Zabura yadda ake karanta Romawa, kuma karin maganar Sulemanu ba alkawari ba ne da za ka kama Allah da shi.

Mataki na gaba shi ne wanda jerin da ake kawo mana daga waje ba ya ɗauke da shi ko kaɗan, wato tarihin ikilisiyar da mutum yake tsaye a cikinta. Ɗalibanmu sun haddace 1517 da Martin Luther, amma ka tambaye su yadda 'yan mishan Gowans da Kent da Bingham suka sauka Legas a 1893, biyu daga cikinsu suka mutu kafin shekara ta kewayo sosai, ko yadda ɗan mishan Karl Kumm da mutanensa suka kafa sansani a Wase a 1904, ko abin da ya sa Hausa ta zama harshen sujada ga ƙabilun da ba Hausawa ba, sai a fara sosa ƙeya. Littafin E. P. T. Crampton, Christianity in Northern Nigeria, ya tsufa, amma har yanzu ƙofa ce mai kyau. A intanet kuma akwai Dictionary of African Christian Biography, kyauta, inda aka tara tarihin rayuwar masu bishara da malamai na Afirka, har da namu na nan. Dalilin da ya sa na nace a kan wannan shi ne, yawancin ƙauyukan Filato da Kudancin Kaduna ba Bature ne ya kai musu bishara ba. Mutanen gida ne da suka yi makarantar Baibul da Hausa a Gindiri ko Kagoro, suka tafi da ƙafa, suna noma da rana suna koyar da karatu da dare. Mai wa'azin da bai san wannan ba zai riƙa ɗaukar bangaskiyarsa kamar baƙuwa, kuma duk wanda ya ce masa addinin Bature yake bi zai bar shi ba amsa. Wani ɓangare na tarihin nan ma ba ya cikin kowane littafi. Yana bakin tsofaffin Zumuntar Mata da dattawan da suka haura tamanin, kuma kowace jana'iza tana rage shi.

Daga nan ne zan shigar da mai karatu cikin gardamar malamanmu, kuma da Byang Kato zan fara, ba don na yarda da duk abin da ya faɗa ba. Ɗan Kwoi ne, an haife shi a 1936, ya yi karatu a Igbaja da Landan da Dallas, ya riƙe sakatarcin ECWA, sannan ya zama babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka, ya rasu a teku kusa da Mombasa a Disamba 1975 yana da shekara 39. A shekarar ce littafinsa Theological Pitfalls in Africa ya fito, inda ya soki John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Nijeriya, yana ganin sun ɗaga addinin gargajiya har ya kusa zama wata hanyar ceto ta daban. Kato ya san abin da yake magana a kai, domin a cikin addinin gargajiya na ƙabilarsa ta Jaba ya tashi. Amma wanda ya karanta Kato shi kaɗai zai fito da ido ɗaya. Ya kamata ya karanta Mbiti da kansa, musamman African Religions and Philosophy na 1969, ya ji hujjar mutumin daga bakinsa, sannan in yana da ƙarfin Turanci ya nemi Theology and Identity na Kwame Bediako ɗan Gana, na 1992, wanda ya jera waɗannan malamai kusa da marubutan Kirista na ƙarni na biyu, ya nuna cewa tambayar tsohuwa ce: wanda ya bi Almasihu, me zai yi da abin da kakanninsa suka sani game da Allah? Ni a wurina Kato ya yi gaskiya da ya tsaya kai da fata a kan cewa ceto ta wurin Almasihu ne kaɗai, Bediako kuma ya yi gaskiya da ya ce Kato ya yi saurin rufe ƙofa a kan tarihin mutanensa. Wannan gardama ba ta aji ba ce kawai. Ita ce take tasowa duk ranar da dattijon ikilisiya ya gaji sarautar gargajiya, ko dangi suka ce sai an yi wa mamaci wata al'ada kafin a rufe shi.

Ga tambayoyin yau da kullum kuwa, a nan gida muke da masu amsa. Samuel Waje Kunhiyop, wanda ya shugabanci JETS, ya rubuta African Christian Ethics a 2008, ya bi cin hanci, da yajin aiki, da rashin haihuwa, da dukan da ake yi wa mata, da halin gwauraye da marayu, da maita, ɗaya bayan ɗaya. A 2012 ya biyo da African Christian Theology, wanda zan ba mai farawa kafin kowane kundin koyarwa na Turai. Yusufu Turaki kuma ya yi dogon aiki a kan yadda mai addinin gargajiya yake kallon duniya, da kuma yadda mulkin mallaka ya tsara dangantakar ƙabilun Arewa, abin da har yau muke girbar sakamakonsa.

Akwai wasu 'yan Afirka da muka bar wa Turawa kamar ba namu ba, alhali da tsohuwar zuma ake magani. Atanasiyus bishop ne na Iskandariya a Masar, an kore shi daga kujerarsa sau biyar saboda ya ƙi sassauta abin da taron Nikiya na 325 ya tabbatar game da allahntakar Almasihu, kuma wasiƙarsa ta Ista ta 367 ce ta fara jera littattafai 27 na Sabon Alkawari daidai yadda muke da su. Ɗan littafinsa a kan zaman Kalma mutum gajere ne, ya fi yawancin littattafan zamani sauƙi, kuma ga Kiristan da maƙwabcinsa yake tambayarsa kullum yadda Allah zai zama mutum, ban san abin da ya fi shi amfani ba. Kifriyanus na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya yi fama da tambayar abin da za a yi da waɗanda suka yi musun bangaskiya a tsanantawar shekarar 250 sannan suka dawo suna kuka. Agustin kuwa, wanda aka haifa a 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, ya rubuta babban littafinsa a kan birnin Allah bayan an washe Roma a 410, mutane suna tambaya ina Allah yake, kuma ya rasu a 430 mayaƙa suna kewaye da garinsa na Hippo. Mu da muka ga kashe-kashen Jos na Satumba 2001, da Nuwamba 2008, da 2010, da na jajibirin Kirsimetin 2023 a Bokkos, ba ma buƙatar a yi mana bayanin dalilin da ya sa waɗannan mutane suka fi kusa da mu a kan marubucin da bai taɓa binne mutum goma a rami ɗaya ba. Faston da zai tsaya a bakin irin wannan kabari, matasa suna huci a bayansa suna jiran su ji ko zai ce a rama, ba a ranar zai fara tunanin abin da Littafi ya ce game da fansa da adalci da hakkin hukuma ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai bayan duk wannan zan kawo littattafan Yamma, kuma ba raina su nake yi ba. Basic Christianity na John Stott da Knowing God na J. I. Packer sun ciyar da tsararraki na 'yan FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista, kuma sun cancanta. Manyan kundayen koyarwa irin na Berkhof ko Grudem na dubawa ne idan tambaya ta taso, kamar yadda ɗan Katolika yake komawa Katekizim na 1992. A gefe guda, tun da a Jos muke, ina roƙon mai wa'azi ya karanta aƙalla littafi ɗaya na adalci a kan Musulunci, irin wanda Musulmi zai karanta ya ce haka muka gaskata, ya bar ƙasidun zagi da ake rabawa a ɓoye. Wanda ya yi wa maƙwabcinsa ƙarya a bagade ya karya doka ta tara, ko da ya ɗauka kishin addini yake yi.

Masu cewa karatu yana kashe Ruhu sukan jawo 2 Korintiyawa 3:6, inda aka ce harafi yana kashewa amma Ruhu yana ba da rai, alhali Bulus a can yana kwatanta tsohon alkawari da sabo ne, ba makaranta yake hana wa ba. Shi ɗin ne dai, yana kurkuku yana jiran mutuwa, ya aika wa Timoti cewa ya taho masa da alkyabbarsa da littattafai, musamman na fata. Wata hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce ta masu cewa Turanci ya riga ya ci gari, matasan Jos da shi suke sujada, don haka wahalar da kai ne a nemi littattafan Hausa. Gaskiya ne a unguwar Rayfield da cikin jami'a. Amma a fita bayan gari ranar Lahadi a ƙirga majami'un da ake sujada da Hausa, a leƙa taron Zumuntar Mata, a saurari Littafin Waƙoƙi a wurin makoki, a tuna da Kiristocin Hausawa na Kano da Katsina da Zariya da na Jamhuriyar Nijar. Abin da yake faruwa shi ne fasto ya yi shekara huɗu yana koyon tauhidi da Turanci, ya rubuta jarrabawa da Turanci, sannan a tura shi inda zai yi shekara talatin yana wa'azi da Hausa, ba wanda ya taɓa nuna masa yadda zai haye da iliminsa. Da yawa sukan ajiye ilimin a akwati tare da takardar shaida, su koma wa'azin da suka ji tun suna yara.

Nan ne maganar ta daina zama ta mai karatu shi kaɗai, ta koma kan shugabanni. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin littafin da ake shigowa da shi ya fi ƙarfin mai bisharar da albashinsa ma ba kullum yake zuwa a kan kari ba. Amma ikilisiyar da ta iya sayen janareta da ganguna da manyan lasifikoki, ta kuma ɗinka anko duk shekara, ba za ta ce kabad ɗaya na littattafai ya gagare ta ba. A sa shi a cikin kasafin shekara kamar yadda ake sa man janareta, a damƙa mabuɗin ga mutum ɗaya mai riƙon amana da littafin rubuta sunan mai aro, a bar mata da matasa su ɗauka, kada ya zama kayan adon ofishin fasto. Kowace gunduma ta sa wa kanta doka cewa ba za ta tura mai bishara ƙauye ba sai da Littafi Mai Tsarki fassara biyu da sharhin nan na Hausa a jakarsa.

Makarantun tauhidi kuma suna da bashin da ya fi na kowa. Ɗakunan karatunsu cike suke da kundayen binciken ɗalibai a kan aure, da jana'iza, da maita, da zaman lafiya a tsakanin ƙabilunmu, an ɗaure su da baƙin bango an jera, ƙura tana ci, kuma da Turanci aka rubuta su game da mutanen da ba za su taɓa karanta su ba. Da TCNN da JETS da Gindiri za su sa sharaɗi cewa ba a ba ɗalibi takardar kammalawa sai ya miƙa taƙaitaccen bincikensa da Hausa ko da harshen uwarsa, shafi goma sha biyar zuwa ashirin, malami ya duba ya sa hannu, sannan a zaɓi mafi kyau biyar kowace shekara a ba ACTS ko Challenge su buga a ƙananan littattafai masu araha, a kuma ɗauki muryar marubucin yana karantawa don masu saurare a waya, da cikin shekara goma kowace makaranta ta fitar da littattafai hamsin da mai shimfiɗa a Taminus zai iya sayarwa a kuɗin da yake sayar da na karya la'ana.